Cikar sandunan sabis ba ita ce ingancin murya ba

A unguwar Nima da ke Accra za ka ji ana ƙorafi: "Sabis a cike, amma murya tana tsinkewa!" Ai sandunan nan ƙarfin siginar eriya kawai suke nunawa, awon murya daban ne. A da mutane ake tarawa su saurara, su ba da maki daga 1 zuwa 5. Yanzu manhaja ke hasashen makin: a tura muryar da aka naɗa, a kwatanta ta da wadda ta iso. Ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji, PESQ ta 2001, don tsofaffin layuka masu shaƙaƙƙiyar murya aka tsara ta. A ganina wata manhajar, POLQA ta 2011, ta fi dacewa da kiran intanet. Sai dai dukansu ba sa kama jinkirin da ke sa ku riƙa katse juna.