Ruwan Agusta a Katsina: a tare shi tun yana kan tudu

Akwai wani kududdufi a bayan gidan da na tashi a cikin birnin Katsina. Kakanninmu suka haƙa shi, da ƙasarsa aka gina rabin gidajen unguwar. Muna yara, in aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, can duk ruwan lungunanmu ke gangarawa ya kwanta. Aka fara zuba masa shara, ya cika, aka yanka shi filaye, yau shaguna ne a kansa. Shi kuwa ruwa ba a gaya masa an sayar da wurin ba. Duk Agusta sai ya zo neman makwancinsa, in bai samu ba ya faɗa zaurukan maƙwabta. Bara da idona na ga wata tsohuwa tana kwashe shi daga ɗakinta da ƙaramar roba, tabarmarta na rataye bisa katanga tana ɗiga.

Maganin da muka saba shi ne kwatar siminti. Tana da amfaninta, sai dai aikinta ta ɗauke ruwa daga ƙofar wani ta kai ƙofar wani da gudu, in leda da yashi ba su toshe ta ba ke nan. Wanda ke zaune kusa da rafin Ginzo, wajen Ƙofar Marusa ko Ƙofar Durɓi, shi ke karɓar abin da na sama suka koro.

Shi ya sa manyan birane suka koma barin ƙasa da tsirrai su sha ruwan a inda ya sauka: a yi faffaɗan rami mara zurfi a dasa ciyawa, a bar wa bishiya ƙasa a gindinta, a shimfiɗa daɓen da ruwa ke ratsawa. Birnin Filadelfiya na Amurka ya fara shirinsa na shekara 25 a 2011, Sin kuma ta fara gwajin abin da ta kira "birnin soso" a 2015. Mu ma ba baƙon abu ba ne. Manoman Maraɗi da Tawa sun daɗe suna haƙa ramukan rabin wata don tare ruwa a gona. Ga kuma shirin ACReSAL na Bankin Duniya, na farfaɗo da ƙasa da tattalin ruwa, mai dala miliyan 700, da ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, har da tamu. Damuwata ɗaya ce: a ina za a sa abin?

Na san halinmu. Da an ce dashen itatuwa da ciyawa, sai tsakiyar babban titi da shataletale, inda manya ke wucewa kuma hoto ke kyau. Wannan ado ne, ba ya rage ko bokiti ɗaya daga ɗakin tsohuwar nan.

A yi lissafi. Rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 30, yana zubo da lita 3,000, wato jarka 120 mai lita 25, wadda a watan Afrilu muke bin 'yan ga-ruwa muna saye. Yanzu a dubi sababbin unguwanni, inda kowa ya lulluɓe tsakar gidansa da siminti ya huda katanga ya saki ruwa waje. Can ambaliyar ke farawa, kuma can ya fi arha a tare ta, musamman inda ƙasar jigawa ce mai saurin shan ruwa. Filayen makarantu, filin idi, tashoshin mota, harabar ma'aikatu da asibitoci: duk filaye ne na jama'a, ba sai an biya kowa diyya ba. Hukumar tsara birane kuma tana iya ƙin sa hannu a takardar gini sai an bar wani yanki na gidan ba daɓe.

Cikin ganuwa labarin daban ne, kuma a nan nake tsoron mai zane daga ofis. Lungu matsattse, katangar ƙasa, masai a nan, rijiya a can. Ka nutsar da ruwan titi a gindin katangar laka, ka rushe wa mutum gida da hannunka. Ka nutsar da shi kusa da masai da rijiya, ka gayyato kwalara. Abin da ya dace da tsohon gari shi ne a ƙirga kududdufan da suka rage, a hana sayar da su, a yashe, a yi musu shinge saboda yara, a dasa jema a gefe ta riƙe ƙasa.

Za a ce sauro. Tambaya ce mai kyau. Sauro na bukatar ruwa kwance na kusan mako guda kafin ƙwansa ya zama mai cizo, ramin da aka yi daidai kuwa cikin kwana biyu yake tsotsewa. Wanda ya wuce haka, an haƙa shi a kan laka ko kuma shara ta toshe shi. Saboda haka kafin a haƙa ko'ina a tona ɗan rami, a cika shi da ruwa, a duba agogo. Sannan a faɗi wanda zai riƙa kwashe leda da korar awaki, a sa albashinsa cikin kasafi tun farko.

Ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018 ta ci rayuka fiye da arba'in cikin dare ɗaya. Ba sai mun jira irinta ba kafin mu san hanyoyin ruwan birninmu. Taswirar na rubuce a jikin katangu: layin danshi, wani iya gwiwa, wani iya ƙugu. Injiniyoyin jiha su fito ranar da ake ruwa, da takalmin roba, mai unguwa a gaba, matan gida su nuna musu ta inda yake shigowa da ƙarfe nawa yake janyewa. Su bi shi a ƙafa su haura har inda ya taso, su kafa turken farko a can.