Garin da talauci ya tsare wa gidajensa

Jama'a, akwai wani ƙauye a yankin Suffolk da ke gabashin Ingila, sunansa Lavenham, wanda nake so duk mai sha'awar tsofaffin gine-gine ya san labarinsa. Mutanensa ba su kai dubu biyu ba, amma gine-ginen da hukuma ta yi wa rajistar kariya a cikinsa sun haura 300. Idan ka bi babban titinsa za ka ga gidajen katako da laka sun jeru, wannan ya karkata dama, wancan ya jingina da maƙwabcinsa, benayen sun turo gaba sun leƙo kan titi. Ɗaya daga cikinsu, wanda aka gina wajen shekarar 1395, karkacewarsa ce ma ta zama sunansa. Ba ganganci magina suka yi ba. Da ɗanyen katako suka yi aiki, yana bushewa yana murɗewa, ginin ya bi shi, kuma ga shi nan tsaye bayan shekara ɗari shida.

Arzikin garin daga saƙa da rini ya fito. Suna saƙa gashin tumaki, su rina shi shuɗi da wani ganye mai aiki irin na baban rini, wato sana'ar da muka sani a marinar Ƙofar Mata. Yadinsu ya yi suna har ana kai shi ƙasashen waje. A lissafin harajin 1524, wannan ɗan gari shi ne na 14 a arziki a duk faɗin Ingila, ya biya fiye da abin da birnin York ya biya. Da wannan kuɗin attajiran gari, musamman gidan Spring, tare da basaraken yankin John de Vere, suka gina babbar majami'ar da ke ƙarshen titin, mai hasumiyar da ta haura ƙafa 130, aka gama ta wajen 1525. Duk wanda ya gan ta ya san ta fi ƙarfin ƙauye.

Sai kasuwa ta juya. Masaƙa 'yan gudun hijira daga ƙasar Holan suka sauka a Colchester, suna saƙa yadi mara nauyi kuma mai araha, masu saye suka koma can. Lavenham ya talauce, kuma ya daɗe a haka. A garuruwan da kuɗi ya ci gaba da shigowa, jikokin attajirai sun rushe gidajen katako sun gina na bulo, domin shi ne yayi. Mutanen Lavenham ba su da halin rushewa, sai dai su toshe inda ya tsage, su raba babban gida gida-gida su zuba 'yan haya. Wannan rashin shi ya bar musu abin da duniya ke zuwa kallo yau.

To amma a nan ne na rabu da masu cewa ai sa'a ce kawai. Talauci yana hana ka rushe gida, ba ya hana ruwan sama cin bango. Abin da ya riƙe gine-ginen nan shi ne ba a taɓa barinsu babu aiki ba. Dubi babban zauren ƙungiyar attajirai da ke bakin kasuwa, wanda aka gina wajen 1530. Da ƙungiyar ta mutu, an mai da shi gidan kaso, an mai da shi gidan da ake tara matalauta ana sa su aiki, an yi sito da shi. Babu aikin alfahari ko ɗaya a ciki, amma kowanne ya sa akwai mai gyara rufi idan ya yi yoyo. Tun 1951 yake hannun ƙungiyar National Trust mai kula da kayan tarihi.

Haka batun mashaya. Ni Musulmi ne, kuma matsayin giya a addinina ba abin tattaunawa ba ne. Sai dai wanda ya ɗauka tsohuwar mashayar ƙauyen Ingila wurin sha ce kawai bai fahimci ƙauyen ba. Nan ne masaukin fatake, nan ake sauya dawakin keken doki, nan ake cin abinci a ƙulla ciniki a ji labarin gari. A otal ɗin Swan da ke kan babban titin akwai bangon da sojojin sama, da yawansu Amurkawa da suka yi sansani kusa da garin a Yaƙin Duniya na Biyu, suka rubuta sunayensu. Wasu daga cikinsu sun tashi ba su dawo ba. Da wani mai otal ya ga bangon ya yi datti ya sa an shafe shi da fenti, da shi ke nan. Ba a shafe ba, kuma har yau 'ya'ya da jikoki na zuwa neman sunan nasu.

Akwai kuma lokacin da mutanen gari suka tashi da kansu. A farkon ƙarni na 20 an fara kwance wani tsohon zaure na masu sana'ar ulu, katako bayan katako, za a kai shi wani wuri a sake haɗawa. Aka yi ca, har aka mayar da shi inda yake, yanzu ma yana cikin ginin Swan. Daga baya doka ta shigo. Tun dokokin tsara birane na 1944 da 1947 Ingila ke rajistar gine-ginen tarihi mataki-mataki, kuma taɓa gini mai rajista ba da izini ba laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa, ko da kuwa gidanka ne na gado. Hatta wayoyin da ke rataye a kan titunan garin an binne su a ƙasa don kada su ɓata fuskar gidajen.

Ba na cewa komai ya yi daidai. Ƙananan ɗakunan ibada da 'yan ɗarikar Methodist da makamantansu suka gina da kuɗin karo-karo a ƙauyukan Ingila, da yawansu an rufe saboda babu masu zuwa, an sayar an mai da su gidajen kwana. Mashayun ƙauye ma suna ta rufewa. Kuma a wurare irin su Lavenham kyan garin ya ɗaga farashin gida, har ya zama masu kuɗi daga Landan ne ke iya saye, yaron da aka haifa a garin kuwa sai ya nemi haya a wani wuri. Wannan yana damuna ƙwarai, domin titin da babu yara masu tafiya makaranta a kansa ya fara zama gidan ajiye kayan tarihi.

Duk da haka, idan na tuna cewa bangon gidajen nan ƙirare ne da laka da ciyawa, zuciyata tana komawa gida. Mu da muke da gwanayen tubali da makuba, mu da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina mana masallacin Juma'a na Zariya, mu ne da zarar mutum ya samu kuɗi abu na farko shi ne ya ture soron kakansa ya dasa bulo da kwano. Ganuwar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, ana kallo ake yanka ta fuloti-fuloti. Kusa da mu, tsohon garin Agadas ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013 da gine-ginensa na laka, mutane kuma suna zaune a cikinsu.

Abin da nake roƙo ga mai tsohon gida a Kano ko Katsina ko Zariya ko Damagaram bai da yawa. Kafin ka kira masu rusau, ka kira magini ya duba azara da indararo, ya gaya maka nawa yaɓe zai ci kafin damina. Idan iyali sun yi wa gidan yawa, a bar zauren da soron gaba, a mai da su makarantar allo ko shago ko ɗakin baƙi, a yi sabon ginin a bayansu.