Galiyon: kowa na ɗaukar hoto, ba mai tambayar kayan da ya ɗauko

Duk wanda Allah ya ba ikon shiga galiyon, wato ɗaya daga cikin manyan jiragen ruwan Sifaniya masu filafilai da Turawa ke sake ƙerawa bisa fasalin na da, ya shiga, kada ya ji ƙyashin kuɗin tikiti. Alfarma guda nake roƙo: kada ya fito da hoto kaɗai. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda masu yawon buɗe ido, har da namu, ke mayar da abin wasan yara. A ɗaure kai da ƙyalle, a rufe ido ɗaya, wai an zama ɗan fashin teku. Alhali jirgin nan na gwamnati ne, dukiyar sarkin Sifaniya yake dako, shi ne ma wanda 'yan fashin ke farauta.

Wanda na shiga sunansa Galeón Andalucía. A Punta Umbría da ke kudancin Sifaniya aka ƙera shi, aka kammala a 2010, yana kuma yawo daga wannan tasha zuwa waccan ana kallonsa. Yana da inji a ciki, don haka ba iska kaɗai ke tura shi ba. Daga waje abin gwanin sha'awa: filafilai, igiyoyi sun sarƙe ko'ina, igwogi sun leƙo ta tagogi. Sai ka sauka ƙasa jikinka zai yi sanyi. Dole ka sunkuya ka bi a hankali, kafaɗarka na gogar ta wani, katako na ƙara a ƙarƙashin ƙafarka duk da jirgin a ɗaure yake. Manya na da ɗakinsu can baya, da gado da teburi. Talakan matuƙi kuwa duk inda ya samu tsakanin igwa da ganga nan zai miƙe. Ka tuna cewa a zamanin da, daga Manila ta Filifin zuwa Akafulko ta Meksiko ana iya shafe wata huɗu zuwa shida a haka, ruwan sha ya canza wari, busasshen biskit ya yi ƙwari, dasashin mutane na kumbura haƙora na zuba saboda rashin ɗanyen abinci.

Wannan wahalar ta matuƙa kowa na ganinta, kowa na tausayawa. Wadda ba ta da wurin zama a cikin jirgin ita ce ta mutanen da suka haƙo abin da aka loda.

A 1545 aka gano dutsen azurfa na Potosí, a ƙasar da yanzu ake kira Bolibiya. A farkon shekarun 1570 wakilin sarkin Sifaniya a Peru, Francisco de Toledo, ya tsara aikin dole da ake kira mita: kowace shekara a kwashi kashi ɗaya cikin bakwai na mazan wasu larduna, sama da mutum 13,000, a tura su rami. Da zaiba ake tace azurfar, ita kuma daga mahaƙar Huancavelica ta Peru ake kawo ta, wurin da gubarta ta ci rayukan ma'aikata ba iyaka. Mutum ya bar gonarsa da iyalinsa, ya shiga ƙarƙashin dutse da kyandir, ya goyo buhun duwatsu yana hawa tsanin igiya. A can Filifin ma, jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Manila da Meksiko daga 1565 zuwa 1815, da yawansu a Cavite aka ƙera su, da gumin 'yan ƙasa da aka tilasta wa sarar itace. Gaskiya ɗaya, galiyon ba shi ne jirgin dakon bayi daga Afirka ba, wasu jiragen ke wannan. Amma tun 1518 sarki Carlos na Sifaniya ya ba da lasisin kai 'yan Afirka 4,000 yankunan da Sifaniya ta mamaye, kuma da wannan azurfar ake biyan dillalan bayi a tashoshin Cartagena (Kolombiya ta yau) da Veracruz (Meksiko). Kasuwa guda ce.

Wani abin da na ga mutane ba su cika kula da shi ba shi ne tsari. Mu da muka san ayari da madugu ba za mu sha wahalar ganewa ba: jiragen ba sa tafiya ɗai-ɗai, a tare suke fita, masu igwa na rakiyar masu kaya, wasu su nufi Veracruz, wasu Panama, a haɗu a Habana ta Kuba a juyo gida. Tun 1503 aka kafa ofishi guda a Sevilla, Casa de Contratación, wanda ke rubuta kowane jirgi, kowane fasinja, kowane akwati, ya kuma tabbatar an cire wa sarki kasonsa, kashi ɗaya cikin biyar na ma'adinai. (E, Sevillar nan dai da 'yan ƙwallo suka sani.) A ganina alƙalamin magatakardan nan ya fi igwar jirgi ƙarfi. Takardunsu na nan jibge a gidan adana takardun tarihi na Sevilla, Archivo General de Indias, kuma da su masana ke bin sawun dukiyar har yau.

To ina kuɗin suka tafi? Ba su daɗe a Sifaniya ba. Sarki Felipe na Biyu, duk da wannan kwararar azurfa, ya kasa biyan bashi a 1557, da 1575, da 1596. Yaƙe-yaƙe suka cinye, masu bankin Jamus da na Genoa suka kwashe, kaso mai tsoka kuma ya zarce China a musayar alharini da tangaran. Kuɗin azurfar Sifaniya sun zaga duniya har suka iso gare mu. Heinrich Barth, Abdulkarim na mutanen Kano, da ya zo birnin a 1851 ya rubuta cewa wuri 2,500 ne canjin dala guda ta Sifaniya ko ta Ostiriya. Zamanin galiyon ya riga ya shuɗe a lokacin, amma kuɗinsa na yawo a Kasuwar Kurmi. Saboda haka masu ce mini ina ruwanmu da jirgin Turawa, ga ruwanmu nan.

Rigimar ma ba ta mutu ba. A 1708 jiragen yaƙin Ingila suka nutsar da galiyon San José kusa da Cartagena, da mutum kusan 600 da lodin zinariya da azurfa. A 2015 shugaban Kolombiya na lokacin, Juan Manuel Santos, ya sanar da cewa an gano shi. Nan take masu gado suka yi layi. Kolombiya ta ce a ruwanta yake. Sifaniya ta ce jirgin yaƙinta ne. Wani kamfanin Amurka ya ce shi ya fara gano wurin, a ba shi rabonsa. Al'ummar Qhara Qhara ta Bolibiya kuma ta ce kakanninta ne suka haƙo azurfar a Potosí. Ni dai da za a ba ni alƙalanci, su zan fara saurara kafin lauyoyin sauran su buɗe baki.