"Netwok ne" ba amsa ba ce

Wata Talata ce a watan Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa a Hamburg tun wajen ƙarfe huɗu na yamma. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani a nan Jamus da ke sayar da kayan ma'aikata ta intanet, irin su safar hannu da takalman aiki da rigunan ruwa. Ofishinmu a saman sito yake, ɗaki ɗaya dogo mai manyan tagogi, tebura shida, kowa da allon kwamfuta biyu a gabansa. Ba rediyo, ba hira. Ban da ƙarar bututun ɗumama ɗaki da gurnanin injin ɗaga kaya daga ƙasa, ba abin da za ka ji. Ko waya mutum zai amsa, sai ya fita baranda cikin sanyin nan.

Aikina ranar shi ne shigar da girma da launi da yawan wani samfurin wando a sashen gudanarwa na shafin, wato ƙofar baya da masu saye ba sa gani. Layi 140, kowane layi da gurbi takwas. Na cike, na danna maɓallin ajiyewa, koren rubutu ya fito cewa an ajiye. Da na sake buɗewa, layuka kusan ashirin na ƙarshe sun ɓace. Na sake cikewa, suka sake ɓacewa. Har sau huɗu.

Wata dattijuwa da teburinta ke kusa da nawa, wadda ita ke kula da sabar kamfanin, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, ta ji ina tsaki ta tambaye ni lafiya. Bakina ya riga tunanina, na ce mata netwok ne. Ta dube ni ta saman tabarau, ba fushi ba raini, ta ce: "Netwok ɗin da yake kai layi 120 lafiya, ya ƙi ashirin na ƙarshe, kuma su ɗin dai kowane lokaci?"

Maganar nan ta soke ni har yau. Na yi karatun kwamfuta, amma a wannan lokacin na ji kamar ban taɓa shiga aji ba.

Ta jawo kujera, ta danna F12 a burauzata, ta buɗe sashen da ke nuna duk abin da ke fita da shigowa, ta ce in sake ajiyewa. Muka ga fom ɗin ya fita da gurabensa duka, fiye da 1,100, sabar kuma ta amsa ba ƙorafi. Ke nan burauza ba ta da laifi, hanya ma ba ta da laifi. Sai ta buɗe kundin kurakuran sabar, ga shi nan a rubuce: guraben da aka aiko sun haura 1,000. Ashe PHP, harshen da aka gina shafin da shi, yana da iyaka mai suna max_input_vars, wadda ke zuwa a kan 1,000 idan ba a taɓa ta ba. An sa ta ne tun fitowar 5.3.9 a farkon 2012, don hana masu kutse durƙusar da sabar ta hanyar jibga mata gurabe barkatai. Abin da ya haura iyakar zubar da shi ake yi, gargaɗin kuma kundi yake tafiya, mai cike fom ba ya ganinsa. Ta mayar da lambar 3,000 a php.ini, fayil ɗin saitin PHP, ta sake tayar da PHP, layukana suka zauna. Duka minti goma sha biyar.

Abin da ya fi burge ni ya zo bayan gyaran. Ta buɗe wani fayil da kowa a ofis ke iya karantawa, ta rubuta alamar matsalar da sanadinta da maganinta. Da yamma na zauna na karance shi. Hoton kaya ya ƙi hawa, lambar kuskure 413 ta fito, saboda Nginx, manhajar da ke karɓar saƙo a ƙofar sabar, megabait ɗaya kawai yake karɓa sai an ƙara masa. Fom ya isa sabar wayam kamar ba a rubuta komai ba, saboda nauyinsa ya wuce post_max_size, iyakar nauyin fom a PHP, wanda ke zuwa a kan megabait takwas. Wani ya daɗe yana rubuta bayanin kaya, ya danna ajiyewa, aka jefo shi shafin shiga, domin zaman mai amfani a PHP yana iya mutuwa bayan daƙiƙa 1,440 na shiru, wato minti 24. Akwai ma ranar da katangar tsaron sabar ta mayar da lambar hani 403 don ta ga kalmomi a bayanin kaya da suka yi mata kama da umarnin rumbun bayanai. Kowace matsala da sawunta, kuma wani ya bi sawun ya rubuta.

Ku da ke gida kun san yadda muke yi, ba sai na faɗa ba. Na kuma san dalili. Sabis yana yankewa da gaske, wuta tana ɗaukewa kana tsakiyar aiki, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Amma matsalar netwok ba ta da tsari, yau ta cije nan gobe can. Duk abin da ke karyewa a wuri ɗaya kullum, akwai saitin da ke karya shi. Mun mayar da "netwok ne" marfin da muke rufe tambaya da shi, kuma ni kaina na ɗauko marfin na tsallaka teku da shi.

Sannan ko mai shafi ya so dubawa, da me zai duba? Sau da yawa makullin sabar yana hannun wanda ya gina shafin, shi kuma ba ya son ya saki. Ba na ganin laifinsa sosai, don na san nawa ne aka cinye wa cikon kuɗin aikinsu. Kuma kada wani ya ce mini 'yan nan sun fi yaranmu kai. Yaron da ya koyi haɗa shafi a wayar hannu da ɗan guntun data, ka ba shi wuta da makulli da kundin da zai karanta, ka ga ikon Allah. Rubutawa da barin ƙofa a buɗe ne kawai suka fi mu, kuma wannan fifikon babba ne.

Duk da haka, da na juya in yi wa dattijuwar godiya yadda ta kamata, ta riga ta koma teburinta. Ƙarfe biyar na bugawa ta sa rigar sanyi ta kama kekenta. Ba wanda ya ɗago kai a ɗakin tun farko har ƙarshe. Da a gida ne, da mutum biyar sun taru a bayan kujerata, kowa na ba da shawara, wataƙila duk ba daidai ba, amma da ban zauna da kunyata ni kaɗai ba.

A jirgin ƙasa, cikin duhu, na fara mayar da fayil ɗin nan Hausa a wayata, na tura wa ƙanena da ke kula da shafin wani ɗan kasuwa. Nan take ya kira ni. "Yaya, wannan na 1,000 ɗin, wallahi shi ne ya hana ni barci watan jiya." Mun yi minti goma a kan fom. Sauran awa gudan kuwa labarin Inna da yara ya yi ta ba ni, har na wuce tashata ban sani ba.