Fentin da na yi wa jirgin Maigida

A Abhur, arewacin Jidda, nake aikin wanke wa wani attajiri jirgin ruwansa na shaƙatawa. Ranar da aka ciro jirgin tudu, na leƙa ƙarƙashinsa sai na ga wasu dunƙule-dunƙulen ƙarfe masu ruwan toka an ɗaure su da noti kusa da farfela, duk sun zagwanye sun yi ramuka. Komai na jirgin nan ƙyalli yake yi, ban da su. Tausayi ya kama ni. Na goge su tas, na lafta musu fenti mai kauri, shuɗi, kalar da Maigida ke so. Ban gaya wa kowa ba, tunda alherin ɓoye ya fi lada.

Bayan wasu watanni aka sake ciro jirgi. Dunƙulena na nan garau, ko ƙwarzane babu. Amma ƙarfen da ke juya akalar jirgin, tsatsa ta yi masa cin kaca. Makaniki ya riƙe baki yana ta zuba Larabci, abin da na tsinta kawai shi ne, "Wa ya yi fentin nan?" Na ɗaga hannu ina murmushi, ina jiran tukuici.

Da daddare na kira ɗan yayata mai karatun kimiyyar sinadarai. Sai da ya gama dariyarsa tukuna.

"Kawu, ƙarfen tutiya (zinc) ne kuka shafe. Ai don a cinye ta aka sa ta."

Ya ce kowane ƙarfe yana da lambar da ke nuna saurinsa wajen sakin ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki, ana auna ta da bolt, ma'aunin ƙarfin lantarki, an ɗauki haidirojin a matsayin sifili. Tutiya −0.76, baƙin ƙarfe −0.44, jan ƙarfe +0.34, zinariya kuwa can sama, +1.50, ba ta sakin komai sai da kyar. Wanda lambarsa ta fi yin ƙasa shi ya fi rawar kai. Idan ƙarfe biyu suka haɗu cikin ruwan gishiri, batir ke nan, kuma na ƙasan shi ake ci. Ga Bahar Maliya da gishiri, kusan giram 40 a lita, alhali yawancin tekuna 35 ne. Tutiyar ragon layya ce, ita ke tafiya sauran su tsira. Da fenti ya raba ta da ruwa, sai layi ya zo kan baƙin ƙarfe, ga farfelar tagulla, dangin jan ƙarfe, a gefensa tana ƙara zuga abin.

Na ce to me ya hana a ƙera jirgin da zinariya kowa ya huta? Ya ce in kai wa Maigida shawarar, amma in bari ya huce.

Washegari na wuni a kwance ƙarƙashin jirgi cikin zafin Jidda, ina ɗaura sababbin tutiya. Makaniki ya sa wa ɗakin fenti kwaɗo, mabuɗin yana aljihunsa. Yanzu ko daga nesa ya hango ni sai ya ƙwala kira, "Injiniya!"