Yardar yarinya 'yar shekara 15 ba hujja ba ce

Tun da aka kama mai shagon nan da ake zargi da yin lalata da wata yarinya nake karanta abin da mutane ke rubutawa a ƙarƙashin labarin, kuma babu abin da ya ɓata mini rai kamar yawan masu maimaita cewa ai da yardarta aka yi. Mutum ya haura shekara 40, yana da iyali, ita kuwa 'yar talla ce da ba ta wuce shekara 15 ba, amma sai ga magidanta masu 'ya'ya mata a gida suna rubuta cewa idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Wasu har tambaya suke yi me ya kai ta shagonsa da magariba, alhali kowa ya san abin da ke kai 'yar talla ƙofar shago: an ɗora mata faranti, an ce kada ta dawo sai kayan sun ƙare. Yarinya mai waɗannan shekaru ba ta da yardar da za ta ba babban mutum a kan irin wannan al'amari, kuma duk wanda ya kafa hujja da yardarta, mai laifi yake taimaka wa, ko ya sani ko bai sani ba.

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Najeriya ta 2003 ta riga ta raba wannan gardama. A wurinta duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne, kuma sashe na 31 ya tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya yi lalata da yaro ko yarinya. Sashen ya toshe ƙofofi biyun da masu laifi suka saba bi su tsere, domin ya ce ba a duba cewa yarinyar ta amince, ba a kuma duba cewa mutumin ya zaci ta kai 18. Waɗanda suka rubuta shi sun san yadda ake samo irin wannan amincewa. Ana saye ta ne da cinye tallan gaba ɗaya don yarinyar ta koma gida ba a doke ta ba, ko da tsohuwar waya, ko da alƙawarin aure da mai yin sa ya san ƙarya yake yi. Wanda ya girme ki da shekara 25, yake riƙe da kuɗin da uwarki ke jira a gida, idan kin ce masa to, yunwa da tsoro ne suka amsa.

Abin takaicin shi ne dokokinmu ba bakinsu ɗaya ba, kuma masu cewa da yardarta a wannan giɓi suke fakewa. Kundin Final Kod, wato dokar hukunta laifuka da Arewa ke aiki da ita tun 1960, ya ja layinsa a shekara 14: sashe na 282 ya ɗauki saduwa da yarinyar da ba ta kai 14 ba a matsayin fyaɗe ko ta yarda ko ba ta yarda ba, amma da zarar ta cika 14 sai nauyi ya koma kan mai gabatar da ƙara ya nuna cewa tilasta ta aka yi. Ko Jihar Kaduna da ta tsananta hukunci a 2020, har ta sa dandaƙa da kisa, a kan wanda ya yi wa yaron da bai kai 14 ba ta ɗora mafi tsananinsa. Dokar 2003 kuwa ba ta aiki a jiha sai majalisarta ta amince da ita, kuma wasu jihohinmu sun ja ƙafa na shekaru. Kano sai a 2023 aka sa wa tata hannu. Saboda haka makomar 'yar shekara 15 ta rataya ne a kan jihar da abin ya faru da kuma dokar da ɗan sanda mai rubuta takardar tuhuma ya ga damar ɗaukowa. Ko a tsohon kundin ma akwai sashe na 275, wanda ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga wanda ya yaudari yarinyar da ba ta kai 18 ba domin lalata. Mai son a yi adalci ba zai rasa sashen da zai riƙe ba.

Na ga masu cewa ai ta balaga, kuma a Musulunci balaga ce ma'auni. Ba maganar aure ake yi a nan ba, domin babu waliyyi, babu sadaki, babu shaidu, kuma babu malamin da zai halatta abin da aka yi a shagon nan. Sannan aya ta 6 ta Suratun Nisa'i, da take magana a kan dukiyar marayu, ba ta tsaya a kan isa aure kaɗai ba, sai da ta haɗa da sharaɗin a ga shiriya da hankalin riƙo kafin a miƙa musu dukiyarsu. Addinin da ya kiyaye dukiyar yaro har haka, ban yarda cewa ya bar mutuncin yarinya a hannun duk mai canji a aljihu ba. Gwamnati ma ba ta ba 'yar 15 katin zaɓe, ba ta ba ta lasin tuƙi, saboda ta san hankalinta bai gama nuna ba.

Kuma mu daina yin kamar ba mu san inda kalmar yarda ke kai yarinya ba. Da zarar an ce ta yarda, ta tashi daga wadda aka zalunta ta koma abokiyar laifi. A mazhabar Malikiyya ciki hujja ne a kan macen da ba ta da aure, shi kuwa namiji sai ya amsa da bakinsa ko an kawo shaidu 4. Waɗanda suka girma za su tuna yarinyar nan ta Zamfara da aka yi wa bulala 100 a watan Janairun 2001, bayan ta haihu, mazan da ta ambata kuwa suka tafi abinsu babu wanda aka taɓa. Duk mai rubuta da yardarta a yau, hanyar da yake share wa ke nan.

Na kuma ji an fara zancen sulhu, wai a je wurin mai unguwa a rufa asiri, a bar wa Allah. Asirin wa za a rufa? Nata ya riga ya tonu a unguwa, kuma ita ce za ta daina zuwa makaranta, ita ce za a riƙa nunawa da baki a gidan biki. Sulhun da ake nufi shi ne a ba uban yarinya 'yan kuɗi, mai shago ya buɗe shagonsa da safe, 'yan talla su ci gaba da wucewa ta ƙofarsa. Laifi irin wannan ba na iyaye ba ne balle su yafe shi, kuma mai unguwar da ya zaunar da irin wannan sulhu ya kamata shi ma ya amsa tambayoyi.

Akwai ƙorafi ɗaya da na ɗauka da muhimmanci, wato na masu tambayar yaya za a yi idan yaro ɗan 16 ne da yarinya 'yar 15. Gaskiya ne sashe na 31 bai ware irin wannan ba, kuma ba na goyon bayan a jefa ɗan sakandare gidan yari tare da manyan masu laifi har ƙarshen rayuwarsa. Shi ma yaro ne a idon dokar, kuma dokar kanta ta tanadi kotun iyali da tsarin shari'a na daban ga yaran da suka yi laifi. Ya kamata majalisun jihohi su fayyace bambanci tsakanin tsara biyu da suka kauce hanya, waɗanda tarbiyya da gyara suke buƙata, da babban da ya yi farautar yarinya. Amma wannan tambaya ba ta shafi mai shagon nan ba ko kaɗan, kuma masu ɗauko ta a ƙarƙashin labarinsa sun san haka.

Abin da nake jin tsoro yanzu shi ne ranar da za a shiga kotu. Lauyan wanda ake tuhuma zai fara ne da tambayar shekarunta, kuma idan an haife ta a gida ba a yi mata rajista ba, sai a koma ga ƙiyasin likita ko takardar rantsuwa da kowa zai iya jayayya da ita, har a wayi gari an mayar da ita 'yar 18 a kan takarda. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke ba da takardar haihuwa, kuma tana da masu rajista a asibitoci da sakatariyoyin ƙananan hukumomi. Iyaye da yawa ba sa nemanta sai yaro zai rubuta jarrabawa ko za a yi masa fasfo. Idan kuna da 'ya a gida wadda ba ta da wannan takarda, ku je ku karɓo mata a wannan makon.