Yadda kaɗa kai ya ja mini wanka da miya a Chennai

Ni fa kafin in raka Kawu ganin likita a Chennai na ɗauka Indiyanci a aljihuna yake, mutumin da ya tashi da kallon finafinan Indiya tun zamanin kaset ai ba a sayar da shi a can. Ashe Hindin fim daban, su mutanen jihar Tamil Nadu yaren Tamil suke yi, ba ruwansu da abin da ka haddace.

Kwana na uku Kawu ya samu barci bayan asuba, ni kuma yunwa kamar in ci babu, kwana biyu burodi da shayi nake ta ɗurawa. Na tari adaidaita sahu, irin namu sak har launin ruwan ɗorawar, na nuna masa ciki na nuna baki, ya sauke ni a wani ɗan shago a unguwar Triplicane, benci huɗu da fanka ɗaya mai kuka. Ina zama wani yaro ya shimfiɗa min ganyen ayaba ya yayyafa ruwa ya wuce abinsa, na zauna ina kallon ganye ganye na kallona, sai da na ga dattijon da ke gefena ya goge nasa da hannu sannan na gane ashe faranti ne.

Na nuna abin da dattijon ke ci kawai. Aka kawo idli biyu farare tas masu laushi kamar auduga, ina gutsura na ce kai, wannan ai ƙullun waina ne! Shinkafa ce aka jiƙa aka markaɗa da wani ɗan baƙin wake ta kwana ta tashi, sai dai su turarawa suke yi, ba tanda ba mai. Vada kuma ƙosai ne aka huda masa tsakiya. Shi kuwa dosa sinasir ne da ya yi karatun boko, siriri ƙaras-ƙaras, tsawonsa har ya zarce ganyen, an cusa masa dankalin Turawa a ciki. Nama dai ko ƙamshinsa babu a shagon, amma wallahi da na dangwala a markaɗen kwakwar nan tasu na manta da zancen.

Toh sai ga mai bokiti. Miyarsu ce sambar, ta wake da tsamiya, ya zuba min ludayi guda na ji daɗi, na shanye. Ya dawo ya tsaya a kaina, na kaɗa kai alamar a'a, ya yi murmushi ya zuba. Ya sake zagayowa na ƙara kaɗa kai da ƙarfi, ya zuba biyu. Ban san cewa a wurinsu kaɗa kai gefe da gefe yana nufin "to" ba ne, ni ina ƙi shi kuma yana ganin bai taɓa samun kwastoma mai son miya irina ba. Ganye kuwa ba shi da baki, miya ta fara gangarowa wajen farar shaddata, na ɗauki ragowar idli na yi mata madatsa, a raina ina ta buga lissafin ludayi nawa, rupi nawa, in an mayar naira nawa ke nan. Na lalubo Hindin nawa don in ce ya isa, duk abin da ya zo bakina kalaman soyayya ne, kuma ba ka kalli ƙato riƙe da bokiti ka ce masa zuciyarka tasa ce ba.

Dattijon ne ya cece ni, ya ɗora hannu saman ganyena ya ce "podum", nan take mai bokiti ya ja baya. Kalma ɗaya tal.

Cikin miyar na tsinci wani abu kamar guntun kara, na tauna na haɗiye da ƙyar idona har da ƙwalla. Ashe ɗan zogale ne, mu ganyen muke ci su 'ya'yan, kuma tsotse cikin ake yi a yar da ɓawon kamar rake. Dattijo ya nuna min nasa tsibin a gefen ganye yana dariya ƙasa-ƙasa.

Da na tsaya nan da na tsira da sauran mutunci, amma aka kawo kofi da madara a ɗan kofin silba zaune cikin wani ɗan kwano, na ga kowa na ɗaga shi sama yana juyewa daga wannan zuwa wancan har ya yi kumfa, na ce haba, ni da na girma a teburin mai shayi. Na ɗaga hannu sama sosai don su san Bakano ya zo. Rabi ya shiga kwanon, rabi ya sauka a cinyata da zafinsa.

Wajen biya na riƙe numfashi, sai na ga rupi 110 duka, na nuna bokiti ina tambayar kuɗin miya, mai shagon ya kaɗa kai, na tsaya ban san ko e yake nufi ko a'a ba har sai da ya miƙo min canjina. Ashe ƙarin miya kyauta ne.

Na dawo na tarar Kawu ya farka, ya dubi shaddata daga sama har ƙasa ya ce, "Kai ɗan nan, da wa kuka yi dambe?" Na ba shi labari kaf, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce to nasa ƙosan mai huda fa, yana ina?